JAGORAN MABUƘACI: Baitoci da Sharhi a kan Hakkin Nuna wa Talaka Ƙofar Taimako

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa, ya sanya sashensu ya zama sababin rayuwar sashe. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, waɗannan baitoci ne guda takwas da na tsara a birnin Njamena na ƙasar Cadi, tare da sharhinsu, a kan mas'ala guda wadda ta tsaya mini a rai tun shekarar 2022. Mas'alar kuwa ita ce: mutumin da ya san inda ake ba da taimako, ya ga mabuƙaci bai nuna masa ba, shin laifi ya yi, ko kuwa falala kawai ya bari? Ni ne na fara faɗawa wannan rami, shi ya sa nake tsaye a bakinsa ina gargaɗi.

BAITI NA FARKO DA NA BIYU

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Salati ga Manzo, ma'abocin bushara.

Akwai mai buƙata a bakin ƙofa,
Akwai taimako, babu mai ishara.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya yi mana rahama da ni da kai, wannan birni namu birnin baƙi ne tun asalinsa. Faransawa suka kafa shi a 1900 a mahaɗar kogin Shari da na Logon, suka kira shi Fort-Lami, sai a 1973 aka sauya masa suna zuwa Njamena. Ta nan kakanninmu Hausawa suka riƙa bi da ƙafa da jakuna, su nufi Abeshe, su shiga Sudan, su tsallaka Bahar Maliya zuwa Makka. Da yawansu guzuri ya ƙare musu a nan, suka zauna, muka zama zuriyarsu. Abin da ya raya mahajjacin wancan zamani shi ne fatoma, wato mai masauki. Sau da yawa fatoma ba attajiri ba ne, amma ya san wanda ke neman ɗan ƙodago, ya san malamin da ke karɓar almajirai, ya san mai magani, ya san ranar da ayari zai tashi. Saninsa shi ne jarinsa, kuma da shi yake ceton baƙo.

A yau talauci bai ragu ba. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya nuna kimanin mutum 42 cikin 100 na mutanen Cadi suna cikin talauci. A watan Yuni na 2022 gwamnati ta ayyana halin gaggawa saboda ƙarancin abinci, a watan Oktoba na wannan shekara kuma ta sake ayyana wani saboda ambaliya, wadda ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya. Ambaliyar 2024 ta fi ta muni, ta shafi kusan mutum miliyan biyu, ta halaka sama da 500.

Tare da haka ƙofofin taimako ba su rasu ba. Akwai ONASA, hukumar da ke riƙe da rumbun hatsin gwamnati. Akwai cibiyoyin jin daɗin jama'a na ma'aikatar da ke kula da marasa galihu. Akwai ƙungiyar Kuruwa Ruj ta Cadi, da SECADEV ta cocin Katolika, da ƙungiyoyin likitoci, da zakkar attajirai. Mai buƙata yana nan, abin buƙata yana can, tsakaninsu kuwa tafiyar sa'a guda ce. Fatoman da zai haɗa su ne ya yi ƙaranci.

BAITI NA UKU

Na ba ta dala, na ji daɗin kaina,
Ashe kyautata ta zamo hasara.

Ga labarin da ya haifi wannan baiti. Lokacin da ruwa ya cinye unguwar Waliya a Oktoban 2022, wasu suka koma sansanonin da aka kafa irin na Tukra, wasu suka watsu cikin gari wajen dangi. Wata baiwar Allah, wadda mijinta ya rasu, ta sauka a zauren maƙwabcina da 'ya'ya uku. Ƙaraminsu bai kai shekara biyu ba. Ba ta taɓa roƙona ba. Duk Juma'a idan na dawo daga masallaci sai in aika mata da dala ɗari, wato sefa 500, ta yi mini addu'a ta bayan labule, ni kuwa in shige gida zuciyata fari ƙal.

Na ga yaron da idona. Na ga gashinsa ya yi ja ya yi laushi, na ga ƙafafunsa sun kumbura. Kuma na san ana kwantar da irin waɗannan yara kyauta a asibiti, domin an taɓa kwantar da jikan yayata ya warke. Amma na ce a raina, ai ta sani, wa bai san asibiti ba? Na kuma ce, mace ce mai takaba, shiga sha'aninta ba nawa ba ne. Ita kuwa ashe tana zaton sai da kuɗi masu yawa ake karɓar mutum, kuma sai da takarda, takardunta kuwa ruwa ya tafi da su. Dala ɗarin da nake ba ta jiƙo take saya masa da ita.

Ranar da yaron ya daina karɓar ko ruwa, uwargidana ce ta ce mini, "Malam, yaron nan fa ba haƙori ba ne." Muka ɗauke su a mota. Aka karɓe shi nan take, ba a tambayi kuɗi ba, ba a tambayi takarda ba. Ma'aikaciyar ta duba shi, ta dube mu, ta ce cikin tausasawa, da an kawo shi mako biyu da suka wuce da aikin ya yi sauƙi. A kwana na uku Allah ya karɓi abinsa.

Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan imaninmu ne. Amma ƙaddara ba ta ɗauke wa bawa tambaya a kan abin da aka ɗora masa. Na lissafa abin da na ba matar nan, bai kai jaka huɗu ba. Maganar da na hana ta kuwa ba ta da ko sisi, kuma ita ce ta fi buƙata.

BAITI NA HUƊU

Sanin hanya shi ma dukiya ne,
Ka ɓoye shi, za ka biya a Lahira.

Idan aka ce, mene ne dalilinka a kan cewa nuni aiki ne na lada, kuma barinsa yana iya zama laifi? Sai in ce dalilai uku ne.

Na farko, Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Mas'udil Ansari cewa wani mutum ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin hawansa ya halaka, yana neman wani. Annabi ya shaida masa ba shi da abin da zai ba shi. Sai wani sahabi ya ce shi zai nuna masa wanda zai ɗora shi. A nan ne Annabi ya bayyana cewa mai nuni zuwa ga alheri ladansa kamar na mai aikatawa ne. Ka lura, wannan sahabi bai ba da raƙumi ba, bai ba da dirhami ba. Ya san ƙofa ne kawai, ya faɗa.

Na biyu, cikin kaso takwas na masu cin zakka da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, akwai ma'aikatan zakka. Da dukiya tana iya kai kanta ga talaka, da ba a yanka wa masu kai ta rabo ba. Haka kuma a shekarar Ramada, shekara ta 18 bayan Hijira, da yunwa ta koro mutanen ƙauye zuwa Madina, Sayyidina Umar bai tsaya ga tara abinci daga Sham ba, sai da ya naɗa mutane suna zagayawa suna ƙidaya mabuƙata, suna kai wa raunana abinci har inda suke.

Na uku, malamanmu na mazhabar Malik sun yi magana a kan lamunin wanda ya bari. Shehu Halil a cikin Muhtasar ɗinsa, a babin yanka, ya ambaci cewa wanda ya ga rai ko dukiya za ta halaka, yana da ikon cetonta da hannunsa ko da shaidarsa, ya ƙi, to akwai lamuni a kansa. Haka wanda ya riƙe takardar shaidar hakkin wani, da wanda ya hana matsattse rarar abinci ko abin sha. Ni ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin manyanmu ne. Tambaya nake yi wa zuciyata: idan mai ɓoye shaida har dukiya ta salwanta yana da lamuni, ina matsayin mai ɓoye hanyar asibiti har rai ya salwanta?

Saboda haka abin da na fahimta shi ne, nuni yana hawa hawa. Idan buƙatar ta sauƙi ce, nuni mustahabbi ne. Idan akwai wasu da suka sani kuma za su faɗa, ya zama farilla ta wadatarwa a kan jama'ar unguwa. Idan kuwa rai ne ke cikin haɗari, kuma kai ne ka gani, kai ne ka sani, to ya hau kanka kai kaɗai. Allah ne mafi sani.

BAITI NA BIYAR

Nuni da yatsa rabin aiki ne,
Ka ɗauki takalmi ka zam jagora.

A nan akwai tarkon da Shaiɗan ke ɗana wa masu ilimin ofisoshi. Mabuƙaci ya zo, sai a ce masa, "Je ka ofishi kaza, can ake yi." An sallame shi ke nan, da lafazi mai kyau, ba a kashe ko dala ba. Wannan kora ce aka yi wa rawani.

Ka duba abin da ke tsakanin talaka da ƙofar nan. Da fari akwai harshe. Takardun hukuma da Faransanci ko Larabci ake rubuta su, alhali manyan da suka iya karatu da rubutu a ƙasar nan ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Tsohuwar da Hausa ko Barbarci kawai take ji, idan ta isa bakin ƙofa ba ta san ma me za ta ce ba. Sai takarda. Binciken 2019 ya nuna kimanin yaro ɗaya ne cikin huɗu, na 'yan ƙasa da shekara 5, aka yi wa rajistar haihuwa a Cadi. Wanda wa'adin rajista ya wuce shi sai an bi masa ta kotu, kuma da takardar haihuwa ake neman katin ɗan ƙasa a hukumar ANATS. Sai kuɗin ɗan kilando, wato mai babur na haya, zuwa da dawowa, wanda a wurin wani shi ne kuɗin tuwon dare. Sai kunya da tsoro, domin wanda aka taɓa yi wa tsawa a wani ofishi ba ya son sake shiga ko wane ofishi.

To jagora shi ne wanda zai cire waɗannan ƙayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya fara zuwa shi kaɗai ya tabbatar ƙofar a buɗe take, ya san ranar da ake karɓa da takardar da ake nema. Ya raka mutum, ya yi masa tafinta, ya zauna da shi a layi. Bayan mako guda ya koma ya tambaya, an samu ko ba a samu ba?

Misali guda ya isa. Akwai wani ɗan ma'auni mai launi uku, kore da ruwan ɗorawa da ja, ana zagaya shi a dantsen yaro daga ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan awon ya gaza milimita 115 ya faɗa ja, wannan tamowa ce mai tsanani, haka idan ƙafafu biyu sun kumbura. Maganinta abinci ne na musamman da aka haɗa da gyaɗa da madara, wanda ya galabaita kuwa a kwantar da shi. Ƙungiyar likitoci ta ALIMA ta gwada koya wa iyaye mata wannan awo a Mirya ta ƙasar Damagaram, aka ga sun iya shi sarai, kuma ita da ƙungiyar Alerte Santé ta 'yan Cadi sun yi shekaru suna jinyar irin waɗannan yara a Asibitin Zumuncin Cadi da Sin a nan Njamena. Koyon awon nan bai fi zaman shan shayi guda ba. Da na koye shi a 2022, da na san abin da idona ke gani.

BAITI NA SHIDA

Idan rijiya ce da ruwa mai daɗi,
Ka sha, kar ka tambayi wa ya fara.

Wasu 'yan'uwa sun kawo mini shubuhohi uku, ga su da jawabinsu.

Suka ce, yaya za ka kai Musulmi ƙofar waɗanda ba Musulmi ba? Na ce, Annabi da Sayyidina Abubakar a tafiyar Hijira sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraikiɗ ya yi musu jagora, alhali a lokacin yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma yana da amana. Sahabban farko kuwa a ƙasar Habasha, wurin Najjashi, suka sami mafaka. Sharaɗi guda ne: idan aka ce sai mutum ya bar addininsa za a ba shi, to wannan ciniki ne, a guje shi. Idan babu wannan, rai ya fi ƙarfin zato. Kuma hukuncin yana juyawa: maƙwabcinka Kirista daga Mursal ko Shagwa, idan ka san ƙofar da za ta amfane shi, hakkinsa ne ka nuna masa. Ruwan Waliya bai tambayi kowa addininsa ba. A 1980 yaƙi ya kore mu muka tsallaka Kusiri, mutanen Kamaru suka karɓe mu. A Disambar 2021 rikici ya koro dubun dubatansu zuwa wannan gaɓa, aka sauke su a Kalambari da Gilme. Yau kai ne mai masauki, gobe kai ne baƙo.

Suka ce, wannan koya wa mutane bara ne, kuma yana rage tawakkali. Na ce, hatsin da ke rumbun gwamnati dukiyar jama'a ce, matsayinsa matsayin baitulmali, mai karɓarsa da cancanta hakkinsa ya karɓa. Zakka ma haka take, hakkin talaka ce a cikin dukiyar mawadaci. Tawakkali kuwa aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓɓai ne, ɗaya ba ya kore ɗaya. Manomi yana shuka sa'an nan ya jira ruwa daga Allah.

Suka ce, sau da yawa rijiyar ma a ƙafe take. Na ce, wannan gaskiya ne. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, dubban ɗaruruwa suka kwararo gabashin ƙasar nan ta Adre, buƙata ta ninka. A ƙarshen wannan shekara Hukumar Abinci ta Duniya ta yi shelar cewa kuɗinta na aikin Cadi ya kusa ƙarewa. A 2025 kuma Amurka ta yanke mafi yawan agajin da take bayarwa a ƙasashen waje. Saboda haka jagora kada ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Ya ce, "Mu je mu gwada." Idan aka tarar ƙofa a rufe, to nauyin ya komo kan aljihunsa da na jama'ar masallacinsa. Nuni ba ya sauke sadaka, kamar yadda sadaka ba ta sauke nuni ba a labarina.

BAITI NA BAKWAI

Rubutun suna amana ce babba,
Ka riƙe gaskiya, ka riƙe sutura.

Idan agaji ya zo unguwa, masu kawo shi ba su san gida gida ba, sai su nemi mai unguwa ko liman ko wani mai ilimi ya rubuta sunayen mabuƙata. A nan ake gane jagora na gaskiya. Na ga takardar da aka fara ta da sunan matan mai rubutu da surukansa. Na ga wanda ya ce sai an ba shi mudu guda daga kowane buhu. Wanda ya rubuta sunan mai ƙarfi a gurbin marainiya, ya ci abincinta ne da alƙalami, ko da bai kai loma bakinsa ba. Dillalin kasuwa yana cin la'ada halal, amma babu la'ada a kan yunwar Musulmi ko wanda ba Musulmi ba.

Sa'an nan sutura. Duk wanda ya fito daga Masallacin Sarki Faisal ranar Juma'a yana ganin masu miƙa hannu, su kam an san da su. Amma Alƙur'ani a aya ta 273 ta Suratul Baƙara ya ja hankalinmu ga wasu matalauta daban, waɗanda kamun kansu ke sa wanda bai sani ba ya zaci mawadata ne. Irin su tsohon tela da ido ya mutu, da malamin allo da almajiransa suka watse, da matar da ke ɗora tukunyar ruwa a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi. Waɗannan ba za su shiga layi da kansu ba. Sai an je musu da dare, an yi magana a asirce, an nemi izninsu kafin a kai sunansu ko'ina. Mata kuwa mata 'yan'uwansu za a tura musu, domin abin da ya hana ni magana da mai takaba bai hana uwargidana ba, ni ne ban tura ta da wuri ba. Kuma kada a ɗauki hoton mutum da buhu a ka ana yaɗawa a waya. Abin da aka ba shi zai ƙare a wata guda, hoton kuwa 'ya'yansa za su girma su tarar da shi.

Shawarata ga kowane masallaci da zawiya ita ce a zaɓi mutum biyu amintattu, namiji da mace, a ba su littafi guda. A rubuta ƙofofin taimako da ke kusa, da ranakunsu, da takardun da suke nema, a riƙa sabunta shi, domin ƙofar da ke buɗe bara tana iya rufewa bana. A ware wani abu daga sadakar Juma'a don kuɗin kilando da na takardar haihuwa. Wannan shi ne aikin fatoma na kakanninmu, a cikin rigar zamaninmu.

BAITI NA TAKWAS

Ilahi ka yafe abin da ya shige,
Ka ba mu iko mu gyara saura.

Matar nan ta koma Waliya da ruwa ya janye. Kafin ta tafi muka raka ta aka auna sauran yaran biyu, aka sami ɗaya a ruwan ɗorawa, aka ba shi abincin magani ya murmure. Muka bi mata ta kotu aka yi musu takardar haihuwa. Na nemi gafararta, ta ce, "Malam, ai ba ka yi mini komai ba sai alheri." Ta faɗi haka ne don ba ta san abin da na sani na yi shiru ba, sai na gaya mata. Ta yi shiru jim kaɗan, ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ya ɗan'uwa, kafin ka ajiye wannan ɗan littafi, ka ƙirga ƙofofin taimako da ka sani, ka ƙirga gidajen da ke layinku, ka tambayi kanka wa ke buƙatar wace. Idan ka sami guda, kada ka bari sai Juma'a.

Allah ya jiƙan wannan yaro, ya sa ya zama mai ceto ga mahaifiyarsa. Allah ya kiyaye ƙasarmu daga yunwa da ambaliya da fitina, ya sa mu zama mabuɗan alheri ga bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Tammat bi hamdillahi.